Turmin Gidan Tata

A garin Gidan Jaye, arewa da Cadawa, ba sai ladan ya kira salla ake sanin la'asar ta yi ba. Turmin gidan Tata ne ke faɗa. Damina ko rani, ana biki ko ana zaman makoki, da rana ta karkata za ka ji taɓarya ta soma sauka a gidan nan mai dangar kara da ke bakin rijiya. Mutanen garin har rantsuwa suke yi da shi. Idan mutum ya yi maka alkawari ya ga kana shakka, sai ya ce, "In ban cika ba, to turmin Tata ya kwana shiru."

Ita Tatar ta daɗe a ƙasa. Wadda ta gaji turmin da dokarsa ita ce Gimbiya, matar ɗanta, wadda yanzu ita ma ta tsufa, mijin ya rasu, haƙoran gaba sun bi shi, amma wuyanta yana nan a miƙe kamar an haɗiye mata sanda.

Dokar tana da asali, kuma Gimbiya ba ta gajiya da ba da labarinsa. A yunwar Kakalaba, tun ba a haifi Gimbiya ba, masu ɗan sauran hatsi a rumbu kasa kunne suke yi. Gidan da turminsa ya yi shiru kwana biyu, sai ka gan su a ƙofa da sallama mai taushi da 'yar tiyar awon hatsi a hammata, su karɓe gonar kaka da kakanni a kan abin da ba zai kai mutum wata ba. Tata ta lura da haka. Ranar da hatsinta ya ƙare sai ta debo ƙaiƙayi ta zuba a turmi, ta yi ta kirɓa, ta hura wuta ƙarƙashin tukunyar ruwa zalla don hayaƙi ya tashi. Babu wanda ya zo taya gonarta. Yunwa ta wuce, gona tana nan. Shi ya sa tun Gimbiya tana amarya, lalle bai gama fita daga hannunta ba, Tata ta miƙa mata taɓarya ta ce, "A gidanga ciki ya iya kwana da yunwa, amma turmi ba shi kwana da ita."

To, dabara idan ta yi jika, sai ta zama addini. Yanzu babu mai son gonar kowa, don gonar ma rairayi ce da karan da bai kai idon sawu ba. Amma ka je ka gaya wa Gimbiya haka, in kana da wuyan ɗauka.

Farin shekarar saba'in da uku bai kunyata gidan ba, domin a lokacin da awaki a garke. Can kasuwar Gazawa ake kai su, inda ba a san su ba, a sayo dawa a ɓoye ta ƙarƙashin itace. Na tamanin da huɗu shi ne ya zo da gaske. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke, aka sake, ya sake ɗaukewa, sai sama ta zauna wankakkiya tana kallon mutane. Ɗangana, ɗan Gimbiya guda da ya rage, ya tsallaka Jibiya neman abin rufin asiri, aka rufe iyaka, labarinsa ya ɗauke kamar ruwan. Gida ya rage daga Gimbiya sai matarsa Asama'u, sai 'yarsu Lami da ba a yaye ba.

Aikin gidan kuwa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, don raya ƙarya ya fi noma wahala. Da sassafe Asama'u za ta goya Lami ta nausa daji nesa, inda ba za ta haɗu da matan garin ba, ta tsinko 'ya'yan anza masu ɗaci da ganyen jiga, ta rufe su da ƙirare. A jiƙa anzar a bayan ɗaki har ɗacinta ya ragu, a ci a ɗaka, baki rufe. La'asar na yi a zuba ƙaiƙayi a turmi. Ƙaiƙayin ma guda ne, an daka shi an sake dakawa har ya gaji ya zama ƙura, sai da aka ƙara masa rairayi. Bayan nan a ɗora ruwa ya yi ta tafasa. Sannan Gimbiya ta fito ƙofar gida da tabarma, ta zauna tana sakace da tsinke, tana gyatsa jefi-jefi idan ta hango mai wucewa. Gyatsar yunwa tana da wuyar haƙowa, amma ita ta ƙware.

Wata rana maƙwabciya ta aiko roƙon ɗan tsaki. Gimbiya ta ce a dawo jibi. Ta cire tasa biyu da suka rage mata na aure, ta aika aka sayar a Cadawa, aka auno mata gero ɗan cikin ƙoƙo, ta raba biyu ta aika da rabi, har da ban haƙuri wai ba yawa. Asama'u ta bi ƙoƙon da ido har ya fita zaure.

Ana cikin haka labari ya zo cewa wani ma'aikacin buro, wato ofishin gwamnati, zai zagaya ƙauyuka ya ga inda abin ya fi tsanani, don a aiko da taimako. Maigari Labo, mutum mai son kowa ya rabu da shi lafiya, ya sa aka yi shela: kowa ya sa tsumma, a ɓoye kaji, kada wanda ya kuskura ya yi dariya. Shelar ba ta da amfani, tunda babu mai abin sawa in ba tsumman ba, kajin kuma an cinye su tun bara. Mutane suka taru gindin tsamiya tun hantsi. Ma'aikacin bai iso ba sai da rana ta karkata, da takalmi mai sheƙi da hankici a hanci.

Labo ya soma jawabi, murya na rawa yadda ya kamata. Ya nuna rumbunan da aka buɗe bakinsu. Ya nuna tsofaffi. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ranka shi daɗe, garinga mun manta ƙarar taɓarya. In ka ji ana daka a nan…"

Dum. Dum. Dum.

Kuma ba dakan kullum ba. Gimbiya ta ji an ce baƙo ya shigo gari, saboda haka ta ɗauko taɓarya ta biyu ta tsaya gaban Asama'u, suka shiga lugude, tana cilla taɓarya sama tana tafi tana cafewa kamar ana shirin bikin 'yar fari. Labo ya yi tari mai ƙarfi, tarin bai rufe ba. Ya tura matarsa da gudu ta roƙi arziki. Ta dawo da amsa a kunnensa: wai Gimbiya ta ce baƙo ya zo, sai gari ya yi tsit kamar maƙabarta, ya koma ya ce duk matsiyata ne?

Ma'aikacin ya sauke hankici ya tambaya wannan fa.

Labo ya dubi ƙasa, ya dubi jama'a, jama'a suka dubi tsamiya. Can ya ce, "Gida guda ne, ranka shi daɗe. Masu rufin asiri ne tun kaka da kakanni. Ban da su."

Da maganar ta isa kunnen Gimbiya, ranar ko anza ba ta iya ci ba don daɗi. Ta ce wa Asama'u, "Kin ji ko? Har gwamnati ta shaida." Ta so a ce Tata na da rai.

Bayan 'yan kwanaki kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo buhunan wata jar dawa ta ƙasar waje, mai tauri, wadda a shekarar ƙoshi ko jaki sai an lallashe shi. Aka riƙa rabo a ƙofar Labo duk ranar kasuwar Cadawa. Sanƙira, mai shelar maigari, ya kira sunan gida, mai gidan ya matso da ƙwarya. Ana kiran kowa, har gidan liman, ban da gidan Tata. Gimbiya takan zauna da tsinkenta tana yi wa masu dawowa sannu, da irin sannun da ta fi zagi ciwo.

Ita kuwa Lami tana ta lalacewa. Nonon uwar ya ƙafe. Gashin yarinyar ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta suka kumbura, kukan ma ta daina, sai kallo. Kada a ce Gimbiya ba ta son jikarta. Tana sonta fiye da ranta. Rabonta na anza takan tauna shi ta tura mata a baki, ta ce ita ta ƙoshi. Idan ta ɗauke ta ta ji ba nauyi, sai tsoro ya kama ta har cikin ƙashi. Sai ta yi maza ta ce haƙora ne, duk yaro in zai yi haƙori haka yake yi.

Asama'u ta durƙusa gabanta wata safiya. "Inna, an ce a Cadawa akwai inda ake dama ma yara kunu. Ki bar ni in kai ta."

"Layi ake bi?"

"Ana bi, Inna."

"A gaban mutane?"

Asama'u ta sunkuyar da kai, Gimbiya ta ci gaba.

"Jikar gidan Tata, da ƙoƙo, a layi, ranar kasuwa. Ke ɗiyar nan, uban Lami in ya komo mi zan ce mishi? Ki yi haƙuri, damina ta kusa."

Damina kuwa ko ƙamshinta babu.

Ana gobe rabo, da la'asar, Asama'u ta ɗaga taɓarya ta sauke, ta sake ɗagawa, sai hannun ya ƙi. Ta jingina ta da danga, ta zame ta zauna a ƙasa. "Inna, ba ni iyawa." Ba da tsiwa ta faɗa ba, kuma da ma da tsiwar ce da ya fi sauƙi. Gimbiya ta ja tsaki, ta ɗaure zane, ta kama daka ita kaɗai, idonta na ganin duhu-duhu.

Tana cikin yi sai ga Talatu ta shigo ko sallama babu. Talatu tsarar Gimbiya ce, shekara guda aka kawo su garin, kuma tun daga lokacin suke zolayar juna ba hutu. Gimbiya ta yi wuf ta rufe bakin turmin da faifai.

"Bar wahal da kanki," in ji Talatu. Ta zauna a kan kututture tana haki. "Ni dai kunnena na zo in roƙa ma hutu."

"In tsaki kike so, kin makara."

"Gimbiya, tun ban kai tsawon taɓarya ba nike daka. Turmi mai hatsi cewa shikai dif, dif, can ƙasa-ƙasa. Naki ƙwal-ƙwal shikai kamar ana buga ƙofa. Wace macce ce a garinga ba ta san wannan ba? Tun kaka mun san ranar da geronku ya ƙare. Na saba'in da uku ma mun sani. Uwar mijina ta ce na Tata ma an sani."

Gimbiya ta ji kamar an kware mata zane a kasuwa. Ta riƙe taɓarya da hannu biyu don kada ta faɗi. "Ƙarya kike. In an sani, mi ya hana a taya gonarta?"

"Wa zai tunkari maccen da ke dakan ƙaiƙayi tana waƙa? Tsoronta anka ji, an ɗauka taɓuwa ce."

"To tsakin da anka aiko roƙo hwa?"

"Don ki ji daɗi ne. Mun ɗauka za ki ce a komo jibi, shi ke nan. Wa ya san tasa za ki saida? Wadda ta aiko har yau ba ta iya haɗa ido da jikar nan taki."

"Labo hwa? Shi ma ya sani, ya ce ban da mu?"

"Shi zai kunyata ki gaban baƙo? Sanƙira zai buɗe baki shi kira gidan Tata? Kowa na jin nauyinki, ke kina jin nauyin kowa." Talatu ta juya ta dubi Lami da ke kwance a cinyar uwarta, ƙuda na yawo a gefen bakinta ba ta ko korewa. Muryarta ta sauka. "Kullum kina hwaɗin gona ta tsira. Ba ki taɓa hwaɗin ɗiya nawa Tata ta rufe a shekarar ba. Ai kin sani. Kusa da nata suke."

Gimbiya ta sani. Su uku ne, ƙananan tudu a jere, Tata ba ta taɓa ambatonsu ba, ita ma ta gaji rashin ambaton tare da turmin.

Ta kori Talatu, ta ce hassada ce ke cinta tun suna amare. Amma ba ta koma kan dakan ba.

Washegari da hantsi ta wanke babbar ƙwarya, ta rufe ta da faifai, ta yafa mayafinta mai dama-dama. Da ta buɗe baki ta gaya wa Asama'u inda za ta, da labarin nan ya ƙare daban. Amma mutumin da ya shekara hamsin yana riƙe magana ba ya sakinta a safiya guda, balle gaban matar ɗa. Cewa ta yi, "Za ni gaisuwa."

Ƙofar Labo cike take. Ana ganinta hayaniya ta mutu, aka dare mata hanya. Labo ya miƙe tsaye, ya dubi ƙwaryar, ya dubi fuskarta, zufa ta keto masa. Nan take ya samo mafita, don a wajen rufa asiri babu kamarsa. Ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Jama'a, ku yi ma Inna Gimbiya godiya! Ta kawo nata gudummuwa! Kai, amshi ka shiga da ita ciki ka juye, ka maido mata ƙwaryarta a ruhe."

Jama'a suka ɗauka da "Allah shi saka, Allah shi ƙara arziki," kowa na gyaɗa kai, kowa ya gane. Za a shiga da ita babu komai, a fito da ita da nauyi, ita kuma ta ɗauka tana yi kamar iska ce a ciki. Gimbiya ta ji daɗin abin. Hanya ce mai kyau, shimfiɗaɗɗiya. Sai dai ƙwarya guda ce, ta yau kaɗai, mako mai zuwa kuma sai a sake wani wasan. Ta dubi fuskokin nan masu ladabi, ramammu, sai haushi ya kama ta, nasu da nata.

Ta riƙe ƙwaryar gam. Ta cire faifan ta yar. Ta kife ta gaban kowa, ta ƙwanƙwasa gindinta da ƙashin yatsa.

"Labo, ka ji? An ce duk kun san ƙarar. Babu. Babu komi gidan Tata, tun kaka. Ka sa shi kira."

Labo ya yi wa sanƙira alama. Sanƙira, wanda ba a taɓa jin muryarsa ta sarƙe ba, ya ce "Gidan Tata" ciki-ciki kamar mai gulma.

"Da ƙarfi. Kamar na kowa."

Ya kira da ƙarfi. Sama ba ta faɗo ba. Wata akuya ma da ta rage a garin ba ta ɗago kai ba. Aka auna mata jar dawa, mai awon yana ta ƙara hannu yana kallon wani wuri. Ta ɗora a kai a buɗe, ta juya gida, tana shirya yadda za ta ce da Asama'u ta tashi ta ɗora ruwa, yau kam da abin zubawa.

Ta yi sallama, babu amsa. Ɗakin Asama'u a buɗe, zanen goyo ba ya kan igiya, ƙaramin ƙoƙon Lami ba ya inda yake zama. Talatu ce ta leƙo ta kan danga ta ce mata tun ɗazu yarinyar ta goya 'yarta ta tsayar da amalanken 'yan kasuwa. Ta bar sallahu: a ce da Inna ta yafe mata, ta tafi layi.

Gimbiya ta tsaya tsakar gida da ƙwarya a kai. Ga hatsi, ga turmi, ga taɓarya jingine inda aka bar ta jiya. Hawaye suka zubo mata, ba ta da hannun sharewa. Tsoro take ji kada a ce an makara, kuma ta san in an makara ba gwamnati ba ce ta makara, ba Labo ba ne.

"Sauke mana ki huta," in ji Talatu. "Rana ta yi tsaka. Gobe a samo miki amalanke."

Ba ta sauke ba. Ta gyara gammo, ta fita, ta bi sawun amalanken da ya yi kudu cikin rairayi. La'asar ta same ta a hanya, tana tafiya tana tsayawa. Wani makiyayi da ke jan saniyarsa guda ya gaishe ta, ya ce, "Iya, ina zuwa da rana haka, da kaya?"

"Cadawa," ta ce. "Dawar sadaka ce na amso. Jikata na can ba ta da lahiya, yunwa ce. In ka san inda ake bin layin kunu, kwatanta mini."

Ya kwatanta mata, ta ce ya maimaita, ya maimaita, ta ci gaba da tafiya.